Garkuwa da fayil: Hatsarin da ke fakon kwamfutocin Madaoua, Bouza da Keita

A kudancin jihar Tahoua babu wanda ke buƙatar a fassara masa kalmar kuɗin fansa. Mazauna ƙauyukan da ke kan iyaka da jihar Sakkwato, irin su yankin Bangui a gundumar Madaoua, sun shafe shekaru suna jin ta daga bakin 'yan bindiga masu satar mutane. Sai dai akwai wata garkuwar da ke zuwa ba tare da babur ko bindiga ba, kuma mai yin ta yana iya kasancewa a wata nahiyar daban. Abin da yake kamawa shi ne takardu, hotuna da lissafin da ke cikin kwamfuta. Ya kulle su, ya riƙe makullin, sannan ya ce sai an biya.

Manhajar da ke wannan aika-aika duniya ta san ta da sunan ransomware, mu kuma za mu kira ta manhajar neman fansa. Labarinta kan fito ne idan ta afka wa asibiti a Turai ko kamfanin mai a Amurka, shi ya sa da yawa ke ɗaukar ta a matsayin ciwon masu kuɗi. Amma akwai nau'inta da aka ƙera musamman don ƙananan mutane, kuma hanyoyin da yake bi su ne ainihin hanyoyin da ake samun manhaja da musayar fayil a garuruwa irin su Madaoua, Bouza, Keita da Tamaske.

Me take yi wa kwamfuta?

Da zarar ta shiga, sai ta bi ma'ajiyar kwamfuta tana neman abin da mutum ya fi ji da shi: takardun Word da Excel, hotuna, bidiyo da sauti. Kowane fayil ta samu sai ta dagula abin da ke cikinsa ta hanyar lissafi, ta yadda ba zai sake karantuwa ba sai da wata doguwar lamba, wato makulli. Wannan dabara ce da bankuna da WhatsApp ke amfani da ita don kare sirrin jama'a. Ɓarayin sun juya ta ne kawai a kan mai kayan.

Fayilolin suna nan ba su ɓace ba, girmansu ma kusan yana nan yadda yake, amma ba sa buɗuwa. Galibi za ka ga an ƙara wasu baƙin haruffa a ƙarshen sunan kowane ɗaya, kuma an ajiye wata 'yar takarda da ke bayanin yadda za a biya. Kwamfutar kanta tana ci gaba da aiki, domin ɓarawon yana so ka iya karanta saƙonsa. Yawancin irin waɗannan manhajoji sukan goge kwafin ko-ta-kwana da Windows ke ajiyewa da kansa, kuma sukan kulle duk wani filash ko faifan ajiya da ke maƙale da kwamfutar a lokacin.

A nan ne ake yawan zaluntar mai gyara. Idan an yi kullen yadda ya kamata, babu ƙwararren da zai iya buɗe shi ba tare da makullin ba, ko a Yamai yake ko a Paris. Cire manhajar daga kwamfuta abu ne mai sauƙi. Dawo da fayilolin shi ne jidalin.

Daga faifai 20,000 zuwa sana'ar biliyoyi

Abin ya girmi yawancin masu karanta wannan sharhi. A watan Disambar 1989 wani masanin halittu ɗan Amurka, Joseph Popp, ya aika faifan kwamfuta kusan 20,000 ta gidan waya ga masu bincike kan cutar sida a ƙasashe da dama. Wanda ya sa faifan, bayan ya kunna kwamfutarsa sau 90 sai ta kulle, a nemi ya aika dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama.

Abin da ya mayar da wannan dabara babbar sana'a shi ne Bitcoin, domin ya bai wa ɓarayi hanyar karɓar kuɗi daga ko'ina ba tare da sun je banki ba. A 2013 CryptoLocker ta bazu ta saƙonnin imel. A ranar 12 ga Mayun 2017 WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe fiye da 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta sa kamfanin motoci na Renault ya dakatar da wasu masana'antunsa. Kamfanin Chainalysis mai bin diddigin kuɗin intanet ya ƙiyasta cewa kuɗin fansar da aka biya a duniya a 2023 ya haura dala biliyan ɗaya.

Afirka ma ta ɗanɗana. A watan Yulin 2021 harin da aka kai wa kamfanin Transnet ya gurgunta aikin sauke kwantena a tashoshin jiragen ruwan Afirka ta Kudu, ciki har da Durban. A watan Yunin 2024 an kai wa hukumar ɗakunan gwaje-gwajen lafiya ta ƙasar irin wannan hari, sakamakon gwajin marasa lafiya ya riƙa makara. A ƙarshen shekarar, Interpol da Afripol sun sanar da kama mutum 1,006 a ƙasashen Afirka 19 a wani samame kan masu laifukan intanet da suka kira Serengeti.

Waɗannan manyan hare-hare ne da ake zaɓen wanda za a kai wa. Na talaka kuwa tarko ne da ake ɗanawa a bar shi, duk wanda ya taka shi ke nan.

Ƙofa ta farko: manhajar da aka fasa

Ɗaya daga cikin nau'o'in da suka fi addabar masu kwamfutar gida a duniya tun daga 2018 shi ne wanda ake kira STOP ko Djvu. Ba kasafai yake fitowa a labarai ba, domin bai damu da manyan kamfanoni ba. Babbar hanyarsa ita ce manhajojin da aka fasa, waɗanda matasa ke kira kirak: Office na kyauta, Photoshop na kyauta, wasannin ƙwallo, da 'yan manhajojin da ke kunna Windows ba tare da lasisi ba. Mutum zai ga bidiyo a YouTube ko saƙo a Telegram da ke nuna inda zai sauke, ya sauke da hannunsa, ya buɗe da hannunsa.

Akwai alama ɗaya da ta kamata kowa ya riƙe. Kusan duk irin waɗannan fayiloli sukan zo da umarnin cewa a kashe manhajar riga-kafi kafin a sa su, wai don kada ta hana. Wannan daidai yake da baƙon da ya ce sai ka ɗaure karen gidanka kafin ya shigo da dare.

Shekaru da dama takardar da STOP ke bari ta riƙa neman dala 980, tare da rangwamen rabi, wato dala 490, ga wanda ya tuntuɓe su cikin awa 72. Ko da rangwamen, kuɗin ya haura jika 250 na sefa, fiye da albashin wata shida na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi a Nijar, wato jika 42. Kuma sau da yawa ba ita kaɗai take zuwa ba. Takan taho da wata manhajar da ke kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, na Facebook, na imel da sauransu. Mutum na kukan fayil, can kuma ana amfani da shafinsa ana roƙon 'yan uwansa kuɗi da sunansa.

Hausawa na cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, amma adalci ne a faɗi cewa ba kwaɗayi kaɗai ke kai mutane ga kirak ba. Lasisin gaskiya yana da tsada, kuma sayensa na buƙatar katin banki da ke aiki a intanet, abin da mafi yawan matasan karkara ba su da shi. Kwamfutar hannu ta biyu da ake saye a kasuwa ma galibi da irin waɗannan manhajoji take zuwa, mai saye bai ma san daga ina aka samo su ba.

Ƙofa ta biyu: filash da shagon turi

Inda data ke da tsada kuma sabis ke rawa, fayil yana tafiya ne daga hannu zuwa hannu. Filash, wanda a Nijar aka fi kira kile, da katin memori su ne intanet ɗin talaka. A kusan kowace kasuwa akwai mai tura fina-finan Hausa, fassarar Indiya, waƙoƙi da wa'azi. Akwai kuma shagon buga takardu da ɗaukar kwafi, inda ɗalibi, malamin makaranta, ɗan ƙungiya da mai neman aiki duk ke miƙa nasu filash ɗin. Kwamfuta ɗaya tana iya karɓar gommai a yini. Idan ta kamu, duk wanda ya zo ya ɗiba ya kai gida.

A nan akwai bambancin da zai iya ceton mutum daga asara. Cutar da aka fi sani a filash, wadda ke mayar da fayiloli 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya, ɓoye fayil take yi, ba ta kulle shi. Mai gyara na iya fito da su cikin mintuna, don haka kada a yi gaggawar goge filash ɗin. Amma kada kuma a raina ta, domin hanyar da ta bi ita ce wadda mafi muni zai bi. A 2022 Microsoft ya bayyana cewa wata cuta mai yaɗuwa ta filash, Raspberry Robin, ta zama ƙofar da gungun masu neman fansa ke shiga kwamfutocin da ta riga ta kama.

Ƙofa ta uku: saƙo da tsagaggen bango

Hanya ta uku ita ce saƙon yaudara: imel ko saƙon WhatsApp da ke ɗauke da fayil mai sunan takardar biza, gurbin karatu, aikin wata ƙungiyar agaji ko rasiɗin kuɗi. Ga matashin da ke jiran amsar tafiya waje, irin wannan saƙo yana da wuyar ƙyalewa. Abin lura shi ne ƙarshen sunan fayil ɗin. Takardar gaskiya ba ta ƙarewa da exe, scr ko js, kuma ba ta neman a ba ta izinin sauya wani abu a kwamfuta kafin a karanta ta.

Wani lokaci kuma ba sai mutum ya taɓa komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma labarin WannaCry ke nan. Ta bi ta wata ɓaraka ce a Windows wadda Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris na 2017, wata biyu kafin harin. Waɗanda suka sabunta kwamfutarsu sun tsira. Waɗanda ba su yi ba, ta shige su da kanta ta hanyar sadarwa.

Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye. Da yawa sukan kashe sabuntawa don kada ta cinye musu data. Sannan Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, kuma wa'adin kulawar yau da kullum ga Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Idan ofisoshin Turai suka sauya su, kasuwannin Afirka ta Yamma na cikin inda suke ƙarewa. Arahar da za a gani tana tafe da bangon da babu mai sake liƙe shi.

Wayar salula ma ba ta fita ba. Manhajojin Android da ake turawa ta Xender ko ake saukewa a wajen Play Store, musamman kwaikwayon WhatsApp masu ƙarin kwalliya, an sha samun muguwar manhaja a cikinsu. Kamfanin Kaspersky ya gano haka a FMWhatsApp a 2021.

Me ya sa asarar ta fi zafi a nan?

A babban birni mutum na iya samun takardarsa a wurare uku. A Bouza ko Ibohamane, kwamfuta ɗaya a shago ɗaya tana iya zama rumbun takardun unguwa guda: kwafin takardun haihuwa, takardun shaidar karatu, wasiƙun neman aiki, jerin sunayen 'yan ƙungiyar manoma, hotunan biki da na iyayen da suka rasu. Dillalin albasar kwarin Tarka da ke loda motoci zuwa Ghana da Kwaddibuwa, idan ya mayar da littafin bashinsa cikin kwamfuta, to amanar mutane da yawa ce a ciki. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, aikin shekara guda ne a fayil ɗaya.

Sannan Adar ƙasar ci-rani ce. Daga Keita, Tamaske da Bouza, samari na tafiya Abidjan, Libiya, Aljeriya, Najeriya da Kamaru. Su ne ke aiko da waya da kwamfuta, su ne ke buɗe wa ƙane shago, kuma su ne za a kira idan allo ya nuna ana neman dala ɗari huɗu da casa'in. Kuɗin da aka tara don gero ko aure, shi za a nema a tura ta Nita ko Al Izza a sayi Bitcoin a hannun wani dillali.

A biya ko kada a biya?

Hukumomin tsaro a duniya, ciki har da Europol da FBI, suna ba da shawarar kada a biya. Dalili na farko, babu tabbas. Wasu sun biya sun samu makulli, wasu sun biya an yi shiru, wasu an sake neman ƙari. A watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar yaƙi da manyan laifuka ta Birtaniya ta ƙwace na'urorin gungun LockBit, ta ce ta tarar da bayanan mutanen da suka riga suka biya, waɗanda aka yi musu alƙawarin an goge. Dalili na biyu, kowane biya jari ne na tarko na gaba.

Akwai kuma ɓarayi na biyu da ke jiran wanda aka cuta. Duk wanda ya rubuta kukansa a Facebook zai ga masu cewa sun san wani gwani da ke buɗe kowane fayil. Mafi yawansu 'yan damfara ne, za su karɓi kuɗin somin-taɓi su ɓace.

Ta fuskar doka, Nijar na da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 kan laifukan intanet, wadda ta haramta kutse cikin na'urar wani da lalata bayanansa. Akwai kuma hukumar HAPDP mai kare bayanan jama'a. Sai dai muhawarar da aka fi yi kan dokar ta 2019, har zuwa gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024, ta fi karkata ga batun ɓata suna da abin da ake wallafawa a shafukan sada zumunta. Wayar da kan mai shagon buga takardu a Karofane ko Sabon Gida bai samu irin wannan kulawa ba, alhali mai laifin yana wata ƙasa inda sammacin kotun Madaoua ba zai kai gare shi ba. Abin da hukuma za ta iya yi da gaske shi ne faɗakarwa da Hausa da Tamajak a gidajen rediyon al'umma, da horar da masu gyara, domin su ne asibitin farko da ake kai kwamfuta.

Idan ta riga ta shiga

Abu na farko, a yanke intanet, a zare duk filash da faifan da ke jiki. Kada a sa wani sabo don gwaji. Na biyu, a ɗauki hoton takardar neman fansar da sunan fayil ɗaya da waya. Na uku, kada a yi saurin goge kwamfutar. A kwashe fayilolin da aka kulle a ajiye a wani faifai daban, domin makullin da babu shi yau yana iya fitowa baɗi idan aka kama gungun.

Na huɗu, a duba shafin No More Ransom, wanda Europol da 'yan sandan Holan suka kafa a 2016 tare da kamfanonin tsaron intanet. Yana da Faransanci, kuma yana ba da makullan nau'o'i da dama kyauta. Kamfanin Emsisoft ma ya fitar da manhajar buɗe STOP a 2019, amma tana aiki ne a wasu lokuta kawai, musamman idan kullen ya faru lokacin da cutar ta kasa tuntuɓar iyayen gidanta ta intanet. Na biyar, a sauya duk kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, a kuma sanar da 'yan uwa kada su amsa roƙon kuɗi da sunan mai kwamfutar. Daga nan a kai rahoto ga 'yan sanda ko jandarma.

Mutum ba shi da kwafi, fayil yana da shi

Abin da ya sa iyalai ke sayar da gona su fanshi ɗansu shi ne babu wani irinsa a ajiye. A nan garkuwa da fayil ta bambanta, kuma nan ne rauninta. Wanda ke da kwafin takardunsa a wani wuri, abin da ɓarawo ya riƙe ba shi da daraja. Zai goge kwamfutarsa, ya mayar da kayansa, ya ci gaba da aiki.

Sharaɗin shi ne kwafin ya kasance a ware. Faifan ajiyar da ke maƙale da kwamfuta dare da rana tare za a kulle su. A sa shi sau ɗaya a mako, a kwafa, a zare, a ajiye a gida. Takardu mafi muhimmanci kuma a tura su ma'ajiyar intanet. Google na ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, wanda ya ishi takardun iyali guda har da saura.

Sauran matakan ba su da tsada. A bar Microsoft Defender a kunne, kada a kashe shi saboda kowace manhaja. Maimakon Office da aka fasa, akwai LibreOffice, kyauta ne kuma halal, yana buɗe takardun Word da Excel. Tsohuwar kwamfutar da Windows ya yi wa nisa tana iya ɗaukar Linux Mint ko Ubuntu. Mai shago kuma ya raba: kwamfutar da ke karɓar filash ɗin jama'a daban, wadda ke riƙe da amanar takardu daban.

Ga 'yan ci-rani, saƙon a taƙaice yake. Duk wanda zai aiko da kwamfuta gida, ya haɗa da faifan ajiya, ya tambayi wane Windows ne a kai, ya kuma ware kuɗin data na sabuntawa kamar yadda yake ware na cefane. Idan ya kira gida yana tambayar lafiyar iyali da damina, ya ƙara da tambaya ɗaya ga ƙanen da ke tsaron shago: yaushe rabonka da yin kwafi? Farashin faifan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin fansar da ake nema ba, kuma shi ana sayensa ne da rasiɗi, daga hannun wanda aka san fuskarsa.